Kada ka yi saurin kwance tobo

Habu, jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka kwance tobon Passat ɗin nan mai shan gas, alhali mai ita ya ce wani lokaci tana ja kamar doki, wani lokaci kuma ko ya taka totur har ƙasa ba ta wuce tamanin. To, buɗe kunnenka. Tobo dai shi ne abin da ke cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi.

Tobon da ya mutu ba ya farfaɗowa. In fukafukansa sun cinye ko sandarsa ta yi lako-lako, kullum a mace za ka same shi, ga kuka, ga shuɗin hayaƙi, ga shan baƙin mai. Ƙarfin da ke tafiya ya dawo kuwa, galibi laifin yana wajen abubuwan da ke kewaye da tobon. Ina jin ciwo in ga an tura mutum Panteka ya zuba kuɗi a kan tobo, bayan kwana uku ya dawo da ciwonsa.

Abin da za ka fara tambayar mai mota shi ne: in ya kashe ta ya sake tayarwa, ƙarfin yana dawowa? In ya ce e, to kwamfutar motar ce ta rage ƙarfin da kanta don ta kare injin. Sai ka jona na'ura ka karanta lamba. P0299 na nufin iska ta gaza, P0234 kuma iska ta yi yawa. Wannan ta biyun ce ke ruɗa yara. Irin wannan tobon yana da 'yan ƙofofi masu motsi a ɓangaren salansa. Motar da kullum tana cikin cunkoso tsakanin Kasuwa da Kawo, kunkunniya takan taru ta riƙe su. Ranar da aka hau hanyar Zariya aka taka don a wuce tirela, sai su maƙale, iska ta wuce kima, kwamfuta ta yanke.

In iskar gazawa take yi, bi siraran tiyon nan da ke zuwa kan gwangwanin da ke jan sandar ƙofofin, da bawul ɗin wuta mai sarrafa shi, wanda Volkswagen ke kira N75. Kada ka duba da ido kawai. Lanƙwasa kowanne da yatsa, musamman bakinsa. Na taɓa kwana biyu a kan wata mota saboda tsagar da ba ta kai tsawon farce ba: da sanyin safiya a rufe take, injin na ɗaukar zafi sai ta buɗe baki.

Manyan tiyon da ke kai iska wajen sanyayawa su kan tona asirin kansu. Duk inda ka ga danshin mai ƙura ta manne a kai, nan iska ke fita. Toshe bakin, ka ba shi iska kamar "bar" ɗaya a ma'aunin matsin iska, kada ka wuce, ka fesa ruwan omo, kumfa zai nuna maka. Filtar iska ma cire ta ka ɗaga wa rana, ka san aikin hunturu a garin nan. Soket ɗin sensa mai auna iska kuma girgiza shi injin na aiki.

Gobe da safe za mu hau Bayafas da ita. Ni zan tuƙa, kai ka riƙe na'ura, idonka a kan lamba biyu: iskar da kwamfuta ke nema da wadda tobo ke bayarwa. Da ka ga sun rabu, faɗa mini giyar da muke ciki da gudun injin.