Ziyarar gidajen shugabannin Amurka na farko da mota: kwana nawa, ta wace hanya?

Tambaya: Ina zaune a jihar Maryland, kusa da birnin Washington. Mahaifina zai zo mana hutu daga Kano, kuma mutum ne mai son tarihi. Ina so in ɗauke shi da iyalina a mota mu zagaya gidajen shugabannin Amurka na farko. Kwana biyu zai ishe mu? Ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Malam, Allah ya kawo Baba lafiya. Ka yi sa'ar wurin zama, domin huɗu daga cikin shugabanni biyar na farko 'yan jihar Virginia ne, kuma gidajensu na nan ana shiga: Mount Vernon na George Washington, Monticello na Thomas Jefferson, Montpelier na James Madison, da Highland na James Monroe. Shugaba na biyu, John Adams, gidansa na Quincy a Massachusetts, fiye da mil 400 arewa da kai, saboda haka a bar shi sai wata tafiyar. Kwana biyu kuwa zai yiwu, amma da dattijo da yara a mota ba mu ba ka shawararsa ba. Ka ware kwana uku.

Kafin ka tayar da mota, sayi tikiti ta intanet. A Mount Vernon da Monticello ana rubuta wa kowane baƙo lokacin da zai shiga cikin gidan, kuma wanda ya zo da tsakar rana ba tikiti yakan tarar sai yamma zai samu shiga. Ka sani kuma ba hukumar gandun daji da wuraren tarihi ta gwamnatin tarayya ce ke riƙe da gidajen nan huɗu ba, don haka katinta na shekara ba zai shigar da kai ko ɗaya ba. Kowane gida da kuɗinsa. Mount Vernon a buɗe yake kowace rana ta shekara, amma Montpelier ba kullum ba, to da ranakunsa za ka tsara tafiyar gaba ɗaya.

Ranar farko ta Mount Vernon ce, mil 15 kudu da Washington a bakin kogin Potomac. Ku isa lokacin buɗe ƙofa, musamman daga Maris zuwa Mayu da motocin 'yan makaranta ke cika wurin. Cikin gidan ba ya ɗaukar lokaci, layi ne mai tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki. Ku lura da mabuɗin kurkukun Bastille na Faransa, wanda Lafayette, janar Bafaranshe da ya taya Amurka yaƙin neman 'yanci, ya aiko wa Washington a 1790. An daɗe ana gyaran ginin, don haka a duba ko an rufe wasu ɗakuna. Yawancin abin gani yana waje: lambuna, maƙera, kabarin Washington, sai maƙabartar bayi da ke kusa da shi. Lokacin da ya rasu a Disambar 1799 akwai bayi 317 a gonakin nan. Guda 123 ne mallakinsa, su ya 'yanta a wasiyyarsa. Mafi yawan sauran na cikin dukiyar mijin matarsa na farko, doka ba ta ba shi ikon sakin su ba. Hanyar kabarin gangare ce, dawowa kuma hawa, sai a bi da Baba a hankali. Awa huɗu sun isa.

Ku bar wurin kafin ƙarfe biyu. Babbar hanyar I-95 zuwa kudu takan cushe da yamma har Fredericksburg, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. Layukan gudu na tsakiyar hanyar na kuɗi ne, ba kuma mai karɓar kuɗi a hannu, sai da na'urar E-ZPass. Daga Fredericksburg ka ɗauki hanya mai lamba 3, sannan mai lamba 20 zuwa garin Orange. A nan ko a Fredericksburg za ku kwana. Ka kiyaye gudu ƙwarai: a Virginia, wuce mil 85 a awa, ko ɗora mil 20 a kan abin da allo ya nuna, laifin tuƙin ganganci ne da ke kai mutum gaban alƙali.

Rana ta biyu Montpelier, gidan Madison wanda ake kira uban kundin tsarin mulkin Amurka, ya yi mulki daga 1809 zuwa 1817. Iyalan duPont sun sayi gidan a 1901 suka faɗaɗa shi, sai aka rushe ƙarin tsakanin 2003 da 2008 aka mayar da shi siffarsa ta zamanin Madison. Ba cunkoso a nan, kuma baje kolin rayuwar bayi da ke ƙarƙashin ginin yana cikin mafi ƙarfi da za ku gani a tafiyar. Bayan azahar ku nufi Charlottesville, tafiyar minti 45. Garin na da masallaci. Otal yakan yi tsada sosai a makon yaye ɗaliban Jami'ar Virginia a Mayu da ranakun wasan ƙwallonta a kaka, sai a kama ɗaki da wuri.

Monticello shi ya fi cancantar lokacinku, ku ba shi safiyar rana ta uku cikakkiya. Gidan na kan tsauni. Ana ajiye mota a ƙasa, ƙaramar bas ta hau da mutane, shi ya sa ake so ku isa aƙalla minti 30 kafin lokacin da ke kan tikiti. Jefferson ne ya zana gidan da kansa, ya shafe kusan shekara 40 yana gini yana sakewa, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Shi ne ginin da ke bayan sulallan santi biyar, a ba yara su riƙe su gwada. Tikitin hawa bene ya fi tsada, matakalar kuma matsattsiya ce mai tsayi, ba za ta yi wa dattijo mai ciwon gwiwa ba.

Kada ku fito daga gidan ku wuce bas kai tsaye. Ku bi zagayen da ake yi a Mulberry Row, layin da bayi suka zauna suka yi ƙira da kafinta da saƙa. Mutumin da ya rubuta a 1776 cewa an halicci mutane daidai ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa, kuma bayan rasuwarsa a 1826 aka sa mutum 130 a kasuwa don biyan bashinsa. Akwai ɗakin da aka keɓe wa Sally Hemings, baiwar da gidauniyar gidan ta amince ita ce ta haifa masa 'ya'ya shida. A ganinmu wanda ya tsallake wannan ɓangaren bai ga Monticello ba. Baba zai so jin cewa Jefferson ya sayi fassarar Alƙur'ani ta Turanci a 1765, sai dai ba a nan take ba, tana ɗakin karatu na majalisar dokoki a Washington.

Highland na da tazarar minti goma kawai, awa ɗaya da rabi ta isa. A 2016 aka bayyana cewa ginin da aka daɗe ana nunawa a matsayin gidan Monroe masaukin baƙi ne na 1818, ainihin gidan ya ƙone, harsashinsa masu tono suka gano. Daga sunan Monroe aka samo Monrovia, babban birnin Laberiya.

Abinci kuwa, ku yi guzuri daga shagunan halal na Falls Church ko na unguwarku, ku zuba a cikin kula mai ƙanƙara. Virginia ta shahara da naman alade, har cikin wake da ganye ake sa shi, don haka a tambaya kafin a ci. Komawa gida ta hanya mai lamba 29 zuwa I-66 ce, kimanin awa biyu da rabi, kuma idan ranar Lahadi ce ku bar Charlottesville kafin ƙarfe uku.