Dashe iri ɗaya zan saya ko in gauraya?

Tambaya: Salam. Ina da gona hekta ɗaya, ina so in sa bishiyoyi amma ba na so in daina shuka a ƙasa. Mai saida dashe ya ce in kwashi mangwaro zalla wai shi ke kawo kuɗi. Ya kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya malam kar ka yi zalla. Mangwaro in ya girma inuwarsa duhu gare ta, je ka leƙa gindin babba ka gani, ko ciyawa da ƙyar take fitowa, to in ka cika gona da shi nan da 'yan shekaru noman ƙasa ya ƙare kenan, kuma duk shekarar da ƙwari ko cuta suka shigo tare za su bi su tunda duk iri ɗaya ne. Shi mai dashe ai kayansa yake son saidawa.

Tsayi za ka duba wajen saye, gonar ta zama hawa-hawa kamar bene. Haka manoman ƙabilar Chagga suke yi a gindin dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, manyan bishiyoyi can sama, ayaba a tsakiya, kofi a inuwar ayaba, gwaza a ƙasa, kowa na samun hasken da ya ishe shi. In wajenku ruwa bai da yawa nemi gawo, shi da damina yake zubar da ganye sai rani ya yi kore, ba ya tare wa shuka rana kuma yana ƙara wa ƙasa taki. Mangwaron kai shi bakin iyaka. Sannan kafin ka biya a yaga maka leda ɗaya, in saiwa ta nannaɗe a ƙasan ledar bar shi komai kyan ganyensa.

Tambaya: Akwai kututturan da ke tohowa a gonata duk shekara, in tone su in sayi dashe?

Amsa: A'a don Allah. Saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa, za su tsere wa dashen leda. Zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ka sassabe sauran, ka kare su daga awaki. Da wannan dabarar manoma a kudancin Nijar suka farfaɗo da bishiyoyi a kusan hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Dashe sai na irin da babu a gonar.