Ran Sauro da Ran Ɓera Ɗaya Ne?

TAMBAYA: Na ɗana wa ɓera gam a ɗakin ajiya. Da safe na tarar da shi a manne yana tsuwa, gashin cikinsa duk ya tuge, sai tausayi ya kama ni. Yayana ya yi ta dariya, wai sauro nawa nake kashewa kowane dare, ai rai rai ne. Shin wasu halittu sun fi wasu cancantar a tausaya musu? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, tausayinki bai faɗi ƙasa banza ba. Abin da ake aunawa shi ne ko halitta tana jin azaba, domin zabura daban, jin zafi daban. Akwai tsiron da ke naɗe ganye da an taɓa shi, alhali ba shi da ƙwaƙwalwa ko jijiya.

Masana kan gwada da maganin kashe zafi. A shekarar 2000 a Birtaniya an ajiye wa kaji abinci iri biyu, ɗaya da magani a ciki. Guragun kajin sun fi masu lafiya cin mai maganin, tafiyarsu kuma ta gyaru. A 2003 aka yi wa kifi allurar asid a leɓe, ya daina cin abinci, ya dinga goga baki a tsakuwa, da aka ba shi magani abin ya ragu. Ita kuwa kaguwar da ke zama cikin kwanson dodon koɗi, idan aka ɗan ja ta da lantarki takan gudu daga kwanso mara kyau, amma ta daure a cikin mai kyau. Mai auna riba da asara haka ba zabura kawai yake yi ba. Dokar Birtaniya ta 2022 ta sa kaguwa cikin dabbobi masu jin zafi.

Inda mutane ke kuskure shi ne auna tausayi da kuka ko kyan fuska. Kifi ba ya ihu, shi ya sa ake barinsa yana mutsu-mutsu a tudu. Ƙirga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma ba ya raba gardama: giwa na da kusan biliyan 257, mutum biliyan 86.

Hujjar cewa ɓera na jin azaba tana da ƙarfi ƙwarai, ta sauro ba ta kai nan ba, ga shi yana ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Ke ce da gaskiya, ba yayanki ba.

Ɓera maɓarnaci ne, kashe shi ba laifi, yadda ake kashewar ce matsala. A kan gam yakan yi sa'o'i, wani lokaci kwanaki, ƙishi da gajiya su kashe shi, wani har ƙafarsa yake gwaigwaya. Guba mai hana jini daskarewa kan ɗauki kwana 3 zuwa 7, kyanwa ko mujiyar da ta ci gawar ita ma ta kwasa. Tarkon ƙarfe mai tashi ya fi. A sa shi jikin bango, gefen abincin na taɓa bangon, don nan ɓera ke bi, a kuma duba kowace safiya. Kada a ɗana wa babban ɓera ƙaramin tarko, rauni kawai tarkon zai yi masa, ba zai kashe shi ba. A toshe ramuka da siminti ko ragar waya, domin ƙaramin ɓera na kurɗawa ta kafa mai faɗin milimita 6.

Wanda aka tarar da rai a gam, a gama da shi nan take da bugu ɗaya mai ƙarfi a kai. Kada a jefa shi a ruwa ko a shara.