Me ya sa nake dariya idan aka zo kan maganar mahaifiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Shekara uku ke nan ina jinyar mahaifiyata tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ni ce babba, ƙannena duk sun yi nisa. Bara na fara ciwon kai da nauyin ƙirji, gwaji bai nuna komai ba, aka tura ni wajen likitar halayyar ɗan Adam. A zama na huɗu ta ce ta lura duk sanda muka zo kan Hajiya sai in yi dariya in sauya zance, wai ƙila akwai abin da nake dannewa. Raina ya ɓaci sosai. Gaskiya kuma wani daren tunani yakan zo mini cewa da Allah zai ɗauke ta da na huta, sai in kwana ina istigfari. Shin ni muguwar 'ya ce? In koma wajen likitar? (Daga wata baiwar Allah, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Ki koma wajen likitarki. Kuma muguwar 'ya ba ta kwana tana istigfari saboda tunanin da ba ita ta gayyato shi ba.

Abu biyu ne suka cakuɗe a wasiƙarki. Na farko shi ne kawaici: kin san abin da ke ranki, kin zaɓi ki ajiye shi sai lokacin da ya dace. Na biyu shi ne dannewa, wato zuciya ta kawar da wani abu daga gabanki tun kafin ki gan shi, har in an tambaye ki ki rantse babu shi, kuma ba ƙarya kika yi ba. Sigmund Freud, wani likita na birnin Biyana a ƙasar Austriya, shi ya shahara da bayanin na biyun, ya yi rubutu a kansa a 1915. 'Yarsa Anna Freud kuma a 1936 ta tattara dabarun da zuciya ke kare kanta da su: musanta abu, ɗora wa wani abin da ke ranka, huce haushin wani a kan wani, ko nuna kishiyar abin da kake ji. Masana sun bar da yawa daga ra'ayoyin Freud, har yau ma ana muhawara a kan yadda dannewa ke aiki, amma waɗannan garkuwoyi muna ganinsu kullum a ɗakin duba marasa lafiya.

Tunanin da ke zuwa miki da dare ba dannanne ba ne, tun da kin san da shi. Faɗa kike yi da shi, faɗan kuma shi ke ƙara masa ƙarfi. A 1987 Daniel Wegner a Amurka ya ce wa mutane kada su tuna farar dabbar beyar na minti biyar, su kaɗa ƙararrawa duk sanda ta faɗo musu a rai. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake musu mara daga baya, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tunaninta. Tun 1978 kuma Rachman da de Silva suka nuna cewa mafi yawan masu lafiya sukan sami munanan tunani masu kutsowa irin wannan. Addininmu ya riga ya san haka. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Furta shi ga mai yi miki magani don neman waraka kuwa, wannan neman lafiya ne.

Abin da nake zato an danne yana ƙarƙashin dariyar. Ban zauna da ke ba, saboda haka zato ne. Amma kin rubuta "ƙannena duk sun yi nisa" kin wuce, kamar babu komai a ciki. Shekara uku kina ɗaga ta, kina wanke ta, kina tashi tsakar dare, wasu kuma sai dai su bugo waya su ce a gaishe da Hajiya. Ina fushin ya tafi? An rene ki a kan cewa babba juji ne, kuma ba a jin haushin uwa ko da a zuci. Zuciyar da ta taso a haka takan koyi rufe ƙofa da wuri.

David Malan, wani likita a Landan, ya zana abin da kusurwa uku: abin da ake ji a can ƙasa, fargabar da yake tayarwa, sai garkuwar da ake ɗagawa. Na taɓa zama da wani magidanci mai jinyar mahaifinsa. Da na ambaci yayansa sai ya ɗaga hularsa ya mayar, ya ja dogon numfashi, ya ce "ai ba komai, kowa da uzurinsa," hannunsa kuwa a dunƙule bisa gwiwa. Ban ce masa yana fushi ba. Na ce, "Malam, dubi hannunka." Ya duba, ya yi shiru mai tsawo, sannan hawaye suka zo. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, wani lokacin kuma hannu. Abin da likitarki ta yi ke nan, ta nuna miki garkuwar don ki gan ta.

Ba na goyon bayan a fizge wa mutum garkuwarsa da ƙarfi. Dariyar nan ita ta riƙe ki shekara uku kina aiki ba ki durƙushe ba. George Vaillant na jami'ar Harvard ma ya sa raha da kawaici a sahun garkuwoyi mafi inganci. Matsala tana farawa ne idan garkuwa ta zama ita kaɗai gare ki, tana tashi da kanta ko ba ki so, jiki kuma yana biyan kuɗin da ɗaurewar wuya da ƙirji da rashin barci. Likita nagari yana tafiya daidai da abin da za ki iya ɗauka. Idan kuma wani ya dage sai ya tono miki wani abu da wai ya faru kin manta, ki yi hattara, domin binciken Elizabeth Loftus ya nuna ana iya dasa wa mutum tunawa da abin da bai taɓa faruwa ba.

A zama na gaba ki fara da abin da ya fi wuya: ki ce mata maganarta ta ɓata miki rai. Jin fushi a gaban mutum, ki faɗe shi da baki, ki ga ba abin da ya rushe, shi ne maganin da kansa. Ki gaya mata tunanin daren ma. Idan ya zo, kada ki yi kokawa da shi, ki ce a ranki "gajiya ce ke magana," ki yi addu'arki sau ɗaya ki kwanta. Amma in ya koma niyyar cutar da kanki ko Hajiya, ko kika daina ci da barci, ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a ranar, ko a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ki ci gaba da auna hawan jini. Sannan ki kira ƙannenki ku raba kwanakin jinya, ko da kwana biyu ne a wata, kuma ki faɗi hakan ba tare da dariya ba.