Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Nebula a Birni Mai Yawan Fitilu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a tsakiyar babban birni, inda fitilun tituna da na gidaje suke haskaka sama har taurari ƙalilan ne ake iya gani da dare. Ina da kyamara da ƙaramar na'urar hangen nesa, amma duk lokacin da na ɗauki hoton Nebular Oriyon, sai ya fito da launin ruwan goro ko na toka, ga kuma ɗige-ɗige ko'ina. Shin babbar na'ura zan saya, ko kuwa sai na fita bayan gari?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar sayen babbar na'ura, domin za ta tattaro hasken fitilun birni kamar yadda take tattaro na nebula. A ma'aunin duhun sama da John Bortle ya fitar a 2001, wanda ya fara daga mataki na 1 zuwa na 9, tsakiyar birni tana mataki na 8 ko na 9. Duk da haka ana samun hotuna masu kyau a irin wannan wuri, idan an san abin da ake nema.

Nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura a tsakanin taurari, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda take fitar da haskenta, kamar ta Oriyon da ka ambata, wadda nisanta ya haura shekarun haske 1,300 (shekarar haske ita ce nisan da haske yake tafiya a cikin shekara guda). Irin wannan tana fitar da mafi yawan haskenta a 'yan zangon launi kaɗan: jan hasken haidirojin a nanomita 656 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske), da hasken iskar oksijin mai launi tsakanin kore da shuɗi a nanomita 501, sai na sulfa a wajen nanomita 672. Nan ne sa'ar mazaunin birni take. Ana sayar da matatar haske, gilashi ne da ake ɗaurawa a gaban na'urar ɗaukar hoto, wanda ke barin waɗannan zangunan su wuce ta ƙofa mai faɗin nanomita 3 zuwa 7, ya tare sauran. Ga mai kyamara mai launi, matata mai ƙofa biyu, ta haidirojin da ta oksijin, ita ce ta fi dacewa. Tsofaffin matatun da aka ƙera domin fitilun sodiyom, waɗanda haskensu ya taru a nanomita 589, ba su da tasiri sosai a yanzu, saboda fitilun LED da suka maye gurbinsu suna watsa haske a kusan dukkan launuka.

Sai dai akwai nebular da hasken taurari kawai take mayarwa, kamar shuɗin hazon da ke kewaye da taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Matata ba ta taimaka mata, kuma a ganina gara ka ajiye ta sai ka samu sama mai duhu. Ka kuma sani cewa yawancin kyamarorin yau da kullum suna ɗauke da gilashin da ke rage jan hasken haidirojin, shi ya sa masu wannan aiki suke cire shi ko su sayi kyamarar taurari.

Maganin ɗige-ɗige kuwa lokaci ne. Tun da duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, dole ne na'urarka ta zauna a kan matokari mai bin taurari. Daga nan sai ka ɗauki hotuna masu yawa, kowanne na daƙiƙa 30 zuwa 60 idan babu matata, ko na minti 2 zuwa 5 idan da ita, sannan ka haɗe su su zama ɗaya. Ƙa'idar lissafinsa ita ce, idan kana so tsaftar hoto ta ninka sau biyu, sai ka ninka lokacin ɗauka sau huɗu. Saboda haka sa'a ɗaya ba ta isa a birni. Mutane sukan tara darare da dama a kan nebula guda. Ka jira ta hau tsakiyar sama, domin hasken fitilu ya fi kauri a kusa da ƙasa. Game da Oriyon, tsakiyarta tana da ƙarfin haske har takan ƙone ta yi fari fat, don haka ka ƙara wasu gajerun hotuna na 'yan daƙiƙoƙi domin taurari huɗun da ke cikinta su fito daki-daki.

Kafin ka tattara kaya, ka ɗauki hotunan gyara. Na farko su ne waɗanda ake ɗauka da murfi a rufe, da tsawon lokaci da yanayin zafi daidai da na ainihin hotunan, domin a cire ɗige-ɗigen da kyamara take haifarwa. Na biyu kuma ana ɗaukar su ne a gaban farin haske mai daidaito ba tare da an taɓa saitin gilashi ba, su ne suke goge inuwar ƙura da duhun kusurwoyi. A ƙarƙashin sama mai haske waɗannan na biyun ba abin wasa ba ne.

A kwamfuta, manhajar Siril ko DeepSkyStacker za ta haɗe hotunan, kuma dukkansu kyauta ne. Abin da zai fito zai yi duhu, kada ka razana. Ka fara cire hasken da ya karkata gefe guda da manhajar GraXpert ko kayan aikin da ke cikin Siril, sannan ka daidaita launi, daga baya ka buɗe hasken sannu a hankali. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da bayan hoton baƙi ƙirin, wanda yake share siraran gefunan nebula da ka kwana kana tarawa. Ka bar shi da ɗan toka-toka, kuma idan ɗige-ɗige suka sake bayyana yayin da kake buɗe hasken, ka dakata a nan ka ƙaro wani daren na ɗauka.