Filin Baba Mai Keke: Sarƙa Mai Tsalle da Gangaren Bosomtwe

Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan keken hawan tsauni ne, mai kaurin taya da giya, irin wanda ake sauke mana daga kwantena an riga an mora a Turai. Ga waɗanda na tsamo daga bencina a unguwar Aboabo, Kumasi.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Na sayi keke na hannu mai giya 21. In na miƙe na taka feda da ƙarfi a hawa, sai sarƙa ta yi "kas" ta zame, har gwiwata ta bugi ƙaho, wato mariƙin keke. Na sa sabuwar sarƙa, abin ya ƙaru. Kuma ba na barin ta ta bushe, duk mako ina zuba mata baƙin mai da abokina fita, wato makaniki, yake ɗebo min daga Suame Magazin, unguwar makanikai. Ɗanka, daga Asawase.

Amsa: Ɗana, abokinka da zuciya ɗaya ya taimake ka, amma baƙin man nan shi ya ci maka kuɗi. Man da aka juye daga injin mota cike yake da garin ƙarfe, ga danƙo, sai ƙurar hunturu da jar ƙasar lungunanmu su manne masa. Haɗin nan yana cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Ya cinye ƙusoshin tsohuwar sarƙar har ta ƙara tsawo, ita kuma ta sassaƙe haƙoran giyar baya daidai da tsawonta. Sun tsufa tare, suna haƙuri da juna. Da ka kawo sabuwa, sai ta kasa zama a tsoffin haƙora, shi ya sa tsallen ya ƙaru. Maganinsa, ka canza haƙoran baya gaba ɗaya. Giya 21 ɗin ka uku ne a gaba, bakwai a baya, don haka mai bakwai za ka nema. Sarƙar mai shida, bakwai da takwas duk ɗaya ce. Daga mai tara zuwa sama ta fi siriri, kada wani ya liƙa maka ita.

Nan gaba ari tef ɗin tela ka riƙa awo. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, don haka in ka ɗora bakin tef a tsakiyar ƙusa guda, layin inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta zarce layin da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canza sarƙa, haƙora za su tsira. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, an makara, duka biyun sun tafi.

Wanki kuwa, kananzir da tsohon buroshin haƙori sun wadatar. Goge, bari ta bushe, sannan ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, juya feda baya, ka sa tsumma ka share duk wanda ke waje. Mutane suna ganin share mai asara ce, alhali wanda ya shiga cikin gaɓa shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake tarawa. In ba ka sami man sarƙa na gaske ba, man keken ɗinki yana yi da rani, sai dai ruwan sama guda zai wanke shi.

Wani abu: in sarƙar tana tsalle daga wannan haƙori zuwa na kusa ba ka taɓa giya ba, wannan ciwon daban ne. Tsuguna bayan keken ka dubi ɗan ƙarfen da maciyin giya, wato abin da ke matsar da sarƙa daga haƙori zuwa haƙori, ke rataye a jikinsa. Kekunan kwantena a danne suke zuwa, wani kan wani, shi ne yakan fara lanƙwashewa.

Tambaya: Baba, mu shida ne daga Tafo, muna shirin hawa keke zuwa tafkin Bosomtwe bayan Sallah. Nawa birkin faifai ne mai amfani da mai, amma hannun ya yi laushi, sai ya kusa taɓa ƙaho kafin ya kama. Wani ya ce in ƙara man birkin mota.

Amsa: Yarona, kada ka kuskura ka zuba komai sai ka karanta abin da ke rubuce a murfin ɗan tankin da ke jikin hannun birkin. Man birkin keke iri biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Birkin kamfanonin Shimano da Tektro man ma'adini suke sha. Wasu, irin yawancin tsoffin Avid, su ne ke shan DOT, wato irin na mota. Ka zuba DOT a Shimano, robobin ciki su kumbura su lalace, birkin ya tashi daga aiki ke nan. Laushin nan ma galibi iska ce ta shiga layin, ƙarin mai ba zai fitar da ita ba, sai an zuƙe ta da sirinji. Ka kuma zare takalman birkin ka duba. In abin da ya rage a jikin ƙarfen bai kai kaurin katin waya ba, ko mai ya taɓa su suna ihu, sababbi za ka sa.

Ina nanata wannan ne saboda hanyar da za ku bi. Tafkin yana kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, a cikin ramin da dutse daga sama ya faɗo ya haƙa shekaru kusan miliyan ɗaya da suka wuce. Ma'ana, daga garin Kuntanase za ku hau bakin ramin, sannan ku gangara zuwa ƙauyen Abono da ke bakin tafki a kan hanya mai tsananin gangare da kwana-kwana. Kada ku riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Zafi yana taruwa, ƙarfin kamun ya ragu a daidai inda ake bukatarsa. Ku matsa sosai kafin kwana, ku saki, ku sake matsawa. Ku rage tsawon sirdi kaɗan, ku ja mazaunai baya, hannu biyu a kan birki biyu. Wanda ya isa ƙasa kada ya taɓa faifan da yatsa don ya ji, zai ƙone.

Kafin ku tashi, kowa ya matsa hannun dama yana tsaye ya ga wace taya ta kama. Keken da ya fito daga Ingila birkin gaba yana dama. Na Amurka da Jamus yana hagu. Masu musayar keke a hanya su suka fi faɗawa wannan tarkon. Dawowa kuma, hawan nan ba ya jin kunyar kowa. Ku ɗauki ruwa, ku bar bakin tafki tun la'asar ba ta yi sanyi ba, kuma tura keke a ƙafa ba abin gori ba ne.

Tambaya: Malam, ɗana yana zuwa makaranta da keke, ya dame ni sai na saya masa hular kwano. Na ga na gwanjo a kasuwar Kejetia da araha. Uwa, daga Sabon Zongo.

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya fi manya da yawa hankali. Abin da ke kare kai shi ne soson mai tauri da ke ciki, kuma bugu ɗaya yake ɗauka. In ya taɓa matsewa, ya gama aiki ko da bayan hular yana ƙyalli. Ta gwanjo ba ki san abin da ta gani ba. In dole ita ce, juya cikinta a rana ki nemi tsaga ko lotsawa. Ta zauna kamar yatsa biyu sama da gira, a ɗaure igiyar haɓa. Ki haɗa masa da fitila, fara a gaba, ja a baya, don masu torotoro (bas ɗin haya) da faragiya (keke mai ƙafa uku) suna tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu, ba sa duba mai keke.

Tambaya: Baba, duk facin da na yi huji biyu nake tararwa gefe da gefe, babu ƙusa babu ƙaya.

Amsa: Iska ce ta yi kaɗan. Ka faɗa rami ko ka hau bakin kwata, rim ya matse tif ya huda shi wuri biyu. Adadin iskar da tayar ke ɗauka yana rubuce a gefenta. In a wurin mai facin mota za ka sha, tsaya a kansa, injinsa yana cika tayar keke cikin ƙiftawar ido.

Tambaya: Zan iya kai kekena wurin wankin mota bayan na shiga taɓo?

Amsa: Ka kai, amma hana su nuna bakin tiyon mai ƙarfi ga cibiyar taya, gindin feda da wuyan ƙaho. Ruwan yana kutsawa ya kori giris, bayan sati biyu ka ji boris yana ƙara. Ni bokiti da soso na fi yarda da su, kuma tun taɓon yana ɗanye, don jar lakar Kumasi in ta bushe sai da sanda.