Keziya, ki taho da sunanki

'Yata Keziya, saƙonki ya iso, mun gode wa Allah da takardar shiga jami'a ta fito. Kin ce ranar da kuka yi hira ta bidiyo da malamin sashenku ya kira ki "Kizaya", kika yi shiru kina zaton da wata yake. Yanzu kuma kina tambayata ko ki nemi wani ɗan gajeren sunan Turawa kafin ki taso. A'a, 'yata, kada ki yi.

Malamin nan bai yi kuskure ba, da kunnen Bature ya karanta. A Turanci, sunayen Littafi Mai Tsarki da ke ƙarewa da "iah" yawanci "aya" ake jinsu a baki, harafin h na ƙarshe kuwa ba a furta shi. Irmiya ya koma Jeremaya, Hezekiya ya koma Hezekaya, Yosiya ya koma Josaya. Ishaya ma a nan Birtaniya Aizaya ne, a Amurka kuma Aizeya. To Keziah da ke rubuce a fasfonki ta wannan hanyar ya bi.

Ni ma na taɓa shiga wannan ruɗanin. Ban daɗe da zuwa birnin Glasgow na Sikotilan ba, wata Lahadi wata dattijuwa ta tashi karatu a coci, ta ce za ta karanta daga littafin "Jowb". Na yi ta laluben shafi, sai da na leƙa littafin maƙwabciyata na ga ashe Ayuba ne. Rubutunsa ɗaya da kalmarsu ta aiki, amma ja ake yi wa wasalin. Da ta kai sura 42 aya 14, sai na ji "Jimaima, Kizaya, Keren Hapuk". Sunayen da muke ji kullum a gida ne, amma da ba na kallon shafin da ban gane ko ɗaya ba.

Su kansu Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba a kan sunanki. Wasu su ce Kizaya, wasu su ja gaban su ce Kiiziya, wasu kuma Keziya, dab da yadda muke faɗa, sai dai sukan danna gaɓar farko. Kin yi sa'a Sikotilan za ki zo. Kezia Dugdale ta shugabanci jam'iyyar Leba ta yankin daga 2015 zuwa 2017, kuma da wannan lafazi na uku ake kiranta, a taƙaice a ce Kez. Duk wanda ke sauraron labarai a waɗancan shekarun ya san sunan. Rubutun ma iri biyu ne: tsohuwar fassarar Sarki James ta 1611 Kezia ta rubuta, sababbin fassarori da yawa suka ƙara h.

Idan an tambaye ki ma'anarsa, kuma za a tambaya, ki ce daga Ibraniyanci ne, sunan wani itace mai ƙanshi ɗan'uwan kirfa. Yemima an fi fassara shi da kurciya, Keren-haffuk kuwa ƙahon kwalli, wato abin da mu za mu kira tandun kwalli. Abin da ya fi taɓa ni a wurin nan shi ne, bayan wahalar Ayuba ta wuce ya sami 'ya'ya maza bakwai da mata uku, ba a ambaci sunan namiji ko ɗaya ba, sai na matan. Aya ta 15 ta ce babu kyawawa kamarsu a ƙasar duka, kuma ubansu ya ba su gādo tare da 'yan'uwansu maza. Kakarki ta san wannan sarai lokacin da ta zaɓa miki.

Inda nake so ki buɗe ido sosai shi ne takardu. Ki baje fasfo, sakamakon WAEC, takardar digirinki da takardar CAS da jami'a za ta ba ki don neman biza, ki bi su harafi harafi. Idan wata ta ce Kezia, wata Keziah, wata Keziya, ki gyara tun kina gida, ki je kotu ki yi takardar rantsuwa cewa duk ke ce, ki kuma sanar da jami'ar ta rubuta daidai da fasfo. Lafazi a baki ake gyara shi, harafi ɗaya a takarda kuwa yana iya cinye miki makonni.

Ranar farko a aji, da an ce kowa ya faɗi sunansa, ki faɗe shi a hankali, gaɓa uku: Ke, zi, ya. Wanda ya kuskure ki maimaita masa da fara'a, mutanen nan sun fi son a gyara musu tun da wuri. A asibiti ko banki kuma ki kasa kunne, in kin ji "Kizaya" ki miƙe, ke ake nufi.

Ki turo min ranar tafiyar da zarar biza ta fito, zan zo filin jirgi da rigar sanyi. Ki gaida min mamanki.